Montalbano Babba da Montalbano Saurayi: Yadda Ake Kallon Ɗan Sandan Sisili da Rubutacciyar Fassara

A watan Mayun 1999 gidan talabijin na gwamnatin Italiya, Rai, ya fara nuna wani shirin 'yan sanda mai suna Il commissario Montalbano. Ba a rufe shi ba sai a Maris ɗin 2021, bayan kashi 37. Kowane kashi fim ne sukutum mai kai wa wajen minti ɗari, da laifinsa da bincikensa da ƙarshensa. A 'yan shekarun ƙarshe, duk daren da aka saki sabon kashi sai Italiya ta tsaya cik. Wani kashi na 2018 ya tara masu kallo fiye da miliyan 11, a ƙasar da jama'arta ke wajen miliyan 60. Ana tsaka da wannan tafiya ne, a 2012, aka fito da wani shiri na biyu, Il giovane Montalbano, wanda ya koma baya ya ɗauko mutumin tun yana saurayi. Shi kashi 12 ne a zango biyu, na 2012 da na 2015.

Wanda ba ya jin Italiyanci, da rubutun ƙasan allo zai kalla, galibi na Turanci, kamar yadda BBC Four ta riƙa nuna shi a Ingila, SBS a Ostireliya, MHz a Amurka. Irin wannan mai kallo abu biyu ke damunsa tun kafin ya zauna: da wanne zai fara, kuma me yake wuce shi a tsakanin bakin ɗan wasa da layi biyun da ke fitowa a ƙasa. Tambaya ta biyun ta fi nauyi, kuma amsar ta farkon a cikinta take.

Marubucin labaran, Andrea Camilleri, an haife shi a 1925 a Porto Empedocle, wani garin bakin teku a kudancin tsibirin Sisili. Ya shafe shekaru yana aiki a Rai, yana kuma koyar da ba da umarni a makarantar wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke Roma. Sai da ya doshi shekara 70, a 1994, ya fitar da littafin Montalbano na farko a wata maɗaba'a ta Palermo mai suna Sellerio. Mutum ne da ya san allon talabijin ciki da bai kafin ya zama shahararren marubuci, kuma hakan na fitowa a yadda yake gina hira. Luca Zingaretti, wanda ya hau matsayin Montalbano tsawon shekara 22, ɗalibinsa ne a waccan makaranta.

Garin da labarin ke faruwa, Vigata, babu shi a taswira. Camilleri mahaifarsa yake nufi, lardin da ya kira Montelusa kuwa Agrigento ne. Amma da aka zo ɗaukar shirin, darakta Alberto Sironi da kamfanin Palomar suka tafi can kudu maso gabas, lardin Ragusa, inda girgizar ƙasa ta 1693 ta rushe garuruwa aka sake gina su da farin dutse mai ɗaukar ido. Ginin majalisar garin Scicli ne ya zama caji ofis, wani gida a bakin ruwa a ƙauyen Punta Secca ya zama gidan Montalbano. Mai lura zai ga titunan kusan wayam suke, ba cunkoson motoci, ba allunan talla. Da gangan aka share su. Vigata ta talabijin gari ce da aka cire daga zamani, shi ya sa kashin 2000 da na 2018 za su yi maka kama da makon jiya da na yau, sai dai wayar salula ta sauya kuma fuskoki sun manyanta.

Akwai abin da ya kamata mai kallo daga Nijeriya ya warware da wuri, don kada muƙamai su rikita shi. Commissario ba kwamishinan 'yan sandan jiha ba ne. Ya fi kusa da difi'o, shugaban caji ofis na gari guda. Wanda ke samansa shi ne questore, shugaban 'yan sandan lardi, wanda ke zaune a Montelusa yana kiransa ofis don ya wanke shi tas. Sannan a dokar Italiya mai gabatar da ƙara ne ke jagorantar bincike, shi ya sa duk inda aka tsinci gawa sai an jira shi, tare da likitan gawa da masu ɗaukar shaida, kafin a ɗaga ta. Ga kuma Carabinieri, wata rundunar tsaro mai tsarin soja da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan sanda, kowa na kishin yankinsa. In ka ji Montalbano na ƙorafin cewa wani lamari ya faɗa hannun waɗancan, tsohuwar gasa ce tsakanin rundunonin biyu. Kuma in ka ji kowa na ce masa dottore, ba likita ba ne. A Italiya duk mai digirin jami'a ana iya kiransa haka.

Yanzu ga batun harshe, wanda shi ne ƙashin bayan lamarin. Camilleri bai rubuta littattafansa da tsantsar Italiyanci ba, bai kuma rubuta su da tsantsar Sisiliyanci ba. Ya cakuɗa su ne ya samar da wata murya tasa, har masu karatu suka laƙaba mata sunan garin. A talabijin an rage kaurin yaren don mutumin Milan ya fahimta, amma an bar tsarin: kowa da irin harshen da yake yi, kuma Montalbano shi kaɗai ne ke yawo a tsakaninsu duka. Da tsohuwar da ta leƙo daga taga ta ga abin da ya faru, zai sauko cikin yare, a hankali, kamar ɗan unguwa. Da questore zai ɗauko Italiyancin ofis mai tsawon jimla da kalmomin takarda, ya yi ta zuba ladabi har ladabin ya koma ba'a, shugaban yana jin ana yi masa wani abu amma ya rasa inda zai kama. Da budurwarsa Livia, wadda ke zaune can arewa a unguwar Boccadasse ta birnin Jenowa, daidaitaccen Italiyanci yake yi, kuma in ya fusata yaren ya suɓuce masa, ita ma sai ta ƙara hawa. Rubutun ƙasan allo duk wannan zai mayar da shi Turanci guda ɗaya mai santsi. Za ka karanta abin da aka ce, amma ba za ka ga lokacin da mutumin ya sauya riga ba.

Mai fassarar ba shi da laifi sosai. Layi biyu gare shi, kowanne da harafi wajen arba'in, kuma rubutun ba ya wuce daƙiƙa shida ko makamancin haka a kan allo. Mutanen nan kuma da sauri suke magana, suna katse juna. Dole ya zubar da wani abu, kuma abin da ya fi sauƙin zubarwa shi ne wanda bai shafi warware laifin ba: gaisuwa, zolaya, kirari, rantsuwa, girmamawa. Matsalar ita ce a wannan shiri nan ne daɗin yake.

A duba yadda ake kiran juna. Italiyanci na da tu na sabo da Lei na girmamawa, Sisiliyanci kuma ya ƙara da vossia, wanda dattijai da talakawa ke yi wa babba. Montalbano tu yake ce wa mataimakinsa Fazio, shi kuwa Fazio bai taɓa mayar masa da shi ba duk tsawon shekarun da suka yi tare. Mimì Augello, babban mataimakin Montalbano kuma abokinsa, shi ke ce masa Salvo kai tsaye. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga duk waɗannan. Bahaushe da ya san bambancin kai da ku, ya san inda ake cewa ranka ya daɗe da inda ake kiran suna gatsau, ya fi Bature kusa da gane abin da ke gudana, in dai ya bar kunnensa a buɗe. Kashi biyu ko uku sun isa mutum ya fara tsinto waɗannan ƙananan kalmomi, kuma daga ranar zai fara ganin wa ke tsoron wa.

Babban wanda fassara ke zalunta shi ne Catarella, ɗan sandan da ke kan wayar caji ofis. Mutum ne mai zuciyar yaro wanda ke son yin Italiyancin hukuma amma harshensa ba ya ba shi haɗin kai. Duk sunan da aka faɗa masa a waya sai ya karya shi, ya isar da saƙo a juye, ya jera kalma biyu masu ma'ana ɗaya don ya ƙara wa maganar nauyi. Ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofa: sai dai ka ji ta daki bango gwaram, Montalbano ya zabura a kujera, Catarella ya ƙame yana ba da haƙuri wai hannunsa ne ya kufce. Faɗuwar ƙofar kowa zai gani ya yi dariya. Amma wasan da yake yi da kalmomi, wanda shi ne rabin barkwancin, sai mai fassara ya ƙirƙiro gurɓataccen Turanci a madadinsa, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya zama abin tausayi. A littattafai, mai fassarar Turanci Stephen Sartarelli ya ba shi irin karin maganar 'yan Brooklyn na Amurka, domin a takarda akwai fili. A allo babu. Abin mamaki kuma, wannan Catarella shi ne ya fi kowa a ofishin iya kwamfuta.

Sai maganar da ba ta baki. Mutumin Sisili in zai ce a'a, sau da yawa ba ya furta komai: zai ɗaga haɓa sama kaɗan, ya ɗan tsotsi harshe, ya lumshe ido. Wanda idonsa ke ƙasan allo yana jiran rubutu ba zai ga komai ba, ko kuma ya ɗago a makare ya ɗauka gyaɗa kai aka yi. Shaidu a Vigata da kafaɗa da yatsu da shiru suke ba da rabin bayaninsu. Shawarata ita ce mutum ya saba da karanta layin da kallo ɗaya ya koma kan fuska, kuma kada ya ji kunyar mayar da fim baya. Wannan ba shirin da ake kallo ana danna waya ba ne.

Mu da muka saba da finafinan Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa muna iya cewa ai da an ɗora masa murya an huta. Su ma Italiyawa haka suke yi wa finafinan waje, sun ƙware a kai matuƙa. Ko wadda ta fara fitowa a matsayin Livia, Katharina Böhm, 'yar Ostiriya ce da aka ɗora wa muryar wata. Amma a wannan shiri ɗora murya zai kashe abin da rubutu ya raunata kawai. Da rubutu aƙalla kana jin asalin sautin, kana jin lokacin da murya ta yi kauri ta koma ta ƙauye. Kuma akwai wani abin dariya a nan: yawancin manyan 'yan wasan ba 'yan Sisili ba ne. Zingaretti ɗan Roma ne, mai fitowa a Fazio ɗan Kalabriya, Michele Riondino mai fitowa a Montalbano saurayi ɗan Taranto. Koyon yaren suka yi. Ainihin Sisiliyancin yana bakin ƙananan 'yan wasa, masu gadi da zawarawa da masunta da aka ɗebo daga dandalin wasan kwaikwayo na yankin, da irin su marigayi Marcello Perracchio, wanda ya fito a likitan gawa Pasquano, mai zagi kamar ruwan sama wanda ba ya sakin bayani sai an haɗa shi da cannoli, wani kayan zaƙi na Sisili.

Laifukan kansu fa? Wanda ya zo neman harbe-harben Mafiya zai koma hannu rabbana. Akwai gidaje biyu na Mafiya a Vigata, Sinagra da Cuffaro, kuma duk gawar da aka tsinta sai kowa ya yi saurin jingina ta gare su. Sau da yawa sai bincike ya nuna kishi ne, ko gado, ko bashin ruwa, ko wani tsohon abin kunya da iyali suka binne shekara hamsin, mai kisan kuma ya yi wa gawar ado irin na Mafiya don a kau da kai. Camilleri ya sha bayyana cewa da gangan ya ajiye 'yan Mafiya a gefe, don ba ya son ya mayar da su taurari. Suna nan kamar yanayi, a cikin kwangila da siyasa da lauyoyi masu taushin murya. Abin da ya fi damun shirin shi ne tazarar da ke tsakanin doka da adalci. Montalbano kan ɓoye takarda, ya yi wa shugabansa ƙarya, ya tsegunta wa abokinsa ɗan jarida Nicolò Zito labari, ko ya bar wani tsoho ya tafi gida alhali doka ta ce a kama shi. Ana nuna mana hakan a matsayin nagarta domin mun san zuciyarsa. Ni dai nakan tambayi kaina yadda abin zai kasance a hannun ɗan sandan da ba shi da irin wannan zuciya, kuma shirin ba ya son a yi masa wannan tambaya.

Teku ma na shigo da nata labarin. Tsakanin Sisili da Tunisiya wajen kilomita 150 ne kawai, kuma kashin farko na shirin gaba ɗaya a kan wani Batunishe ne da aka harbe a jirgin kamun kifi, da wata mata 'yar Tunisiya da ta ɓace, da ɗanta ƙarami da yunwa ta sa yake ƙwace wa 'yan makaranta abincinsu. Shekara 20 bayan haka, a wani kashi na 2019, 'yan sandan Vigata na kwana a tashar jiragen ruwa suna karɓar baƙin haure. Pozzallo, ɗaya daga cikin tashoshin da ake sauke waɗanda aka ceto daga teku, a cikin lardin Ragusa take, inda ake ɗaukar shirin. Daga cikin masu bi ta Agadas su ratsa Libiya, akwai waɗanda wannan gaɓar ce Turai ta farko da suka taka.

To ina shirin samartaka ya shigo? Ya buɗe ne a farkon shekarun 1990, Montalbano na ƙaramin jami'i a wani garin kan dutse mai suna Mascalippa, yana ƙunci saboda babu teku. Aka ba shi Vigata, garin da ya yi yarinta, inda mahaifinsa ke zaune kuma ba sa ga maciji. Daga nan sai a riƙa ɗauko kayan da mai kallon babban shirin ya sani ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda ya samu gidan bakin ruwa mai baranda. Ga ranar da Catarella ya fara jin muryarsa a waya. Ga Fazio, amma uban, Carmine, dattijon ɗan sanda da ya san kowa da kakansa, wanda daga baya ɗansa Giuseppe ya gaje shi, tare da ɗabi'ar zaro 'yar takarda daga aljihu ya fara karanto sunan mutum da na uwa da uba da ranar haihuwa har sai an daka masa tsawa. Ga Mimì ya iso da gashin baki da son mata, suka fara da karo kafin su zama aminai. Ga Adelina mai aikin gida da ke barin abinci a firji. Ga Livia, yarinya ɗanya, tun kafin shekarun jira su gajiyar da ita.

Duk waɗannan an gina su ne a kan cewa ka riga ka san mutanen. In ba ka taɓa ganin Montalbano babba ya hana kowa magana a kan tebur ba saboda yana cin taliya da kifi, ba za ka ji komai ba ranar da saurayin ya fara kafa wannan doka. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara da na samartaka don kawai shekarunsa sun riga. A ci kashi goma ko fiye na babban tukuna, a saba da gidan, sannan a koma baya.

Riondino bai kwaikwayi Zingaretti ba, kuma ya kyauta da bai yi ba. Nasa Montalbano siriri ne mai tarin gashi da gemu, mai saurin fushi, wanda bai gama koyon ɓoye abin da ke ransa ba. Masu kallo sun daɗe suna zolayar yadda wannan suma ta 1992 ta zama tal-tal ɗin kan Zingaretti a 1999. Gaskiyar magana, Montalbano na littafi yana da gashi da gashin baki, haka ma mutum-mutuminsa da aka kafa a Porto Empedocle. Darakta Gianluca Maria Tavarelli ya sa shirin ya fi duhu da sauri, da waƙoƙin Sisiliyanci na Olivia Sellerio a buɗewa da rufewa, waɗanda sau da yawa ba a ma fassara su a ƙasan allo.

Amma babban aikin da shirin samartaka ya yi shi ne amsa tambayar da babban ya bari a buɗe shekara da shekaru. Me ya sa wannan mutum yake gudun ƙarin girma kamar annoba? Me ya sa ya bar mace tana hawa jirgi daga Jenowa tana komawa, ba aure ba rabuwa? A babban shirin abin kan yi kama da son kai da son abincin Adelina, kuma akwai ƙamshin gaskiya a hakan. Wanda ba ya son a ɓata masa kallo ya tsallake sauran wannan sakin layi. A zango na biyu an shirya aure an fasa, sannan Montalbano ya nemi canjin wurin aiki zuwa Jenowa don ya bi Livia. Yana dab da tafiya sai labari ya zo: ranar 23 ga Mayun 1992 Mafiya ta tayar da bam a babbar hanya kusa da garin Capaci a Sisili, ta kashe alƙali Giovanni Falcone da matarsa Francesca Morvillo da 'yan sanda uku masu tsaronsa. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Falcone na cikin waɗanda suka gina babbar shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987 da ta ɗaure 'yan Mafiya sama da 300, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Janairun 1992. Wata biyu bayan kisan Falcone, ranar 19 ga Yuli, aka kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino. Montalbano ya fasa tafiya. Ba'italiye ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan rana. Yana jin muryar mai labarai a rediyo ya san inda aka dosa. Baƙo kuwa zai ga layi biyu sun wuce da wani suna da bai sani ba, ya rasa dalilin da ya sa fuskokin kowa suka mutu. A nan ba yare ne ya tsere wa fassara ba, tarihi ne, kuma gara mutum ya shiga da saninsa.

Shirin na da nasa aibu, kada a ce ban faɗa ba. Matan da ke cikinsa kashi biyu ne mafi yawa: tsofaffi masu girki da baƙaƙen kaya, ko kyawawa masu haɗari da kyamara ke bi da kallo fiye da kima, kuma kusan kowacce sai ta faɗa son Montalbano. Livia, wadda 'yan wasa uku suka fito a matsayinta a babban shirin, sau da yawa murya ce kawai a waya mai ƙorafi. Akwai giya a kowane tebur, akwai kuma wuraren da ba na kallo da yara ba ne. Wasu kasoshin na ƙarshe sun yi sanyi, makircin ya zama wanda aka riga aka gani.

Camilleri ya makance a ƙarshen rayuwarsa, yana faɗa ana rubuta masa, ya rasu a Roma ranar 17 ga Yulin 2019. Ba a cika wata ba Sironi ya bi shi, ana cikin aikin sababbin kasoshi, sai Zingaretti da kansa ya karɓi ragamar ba da umarni ya ƙarasa. Kashin da aka rufe da shi a 2021 ya fusata masu kallo da yawa a Italiya saboda yadda aka yi da Livia, kuma ba shi ne ƙarshen da marubucin ya tanada ba. Ainihin ƙarshen yana cikin littafin Riccardino, wanda ya rubuta tun 2005 ya damƙa wa maɗaba'arsa da sharaɗin a ajiye shi ya zama na rufewa. An buga shi a 2020, shirin talabijin kuma ya tsaya bai kai gare shi ba.